Ƙusa a Gurbin Fis

Mutanen gidan haya sun kulle mai gyaran wuta a ɗakin ajiya, sun sa wa ƙofar kwaɗo biyu.

Dalilinsu a fili yake. Jiya da rana tsaka wuta ta tashi a silin ɗin shagon tela, lokacin da telan ya fita cin abinci. Ta cinye keken ɗinki da kayan mutane, ta kuma lashe hannuwan telan da ya dawo ya afka ciki. Da aka kashe ta, aka buɗe akwatin fis da ke bakin ƙofar gida. A gurbin siririyar wayar nan da ke tsinkewa in kaya ya yi wa layi yawa, sai aka ga ƙusa. Mai gyaran wuta shi ya yi wa gidan wayarin, wato jan wayoyin wuta, bara. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Da hantsi ubansa ya iso. Tsoho ne mai bin sawu, da sanda da gwiwa mai ciwo. A zamaninsa in an saci sa ko akuya shi ake kira, ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Yanzu ko'ina siminti ne da kwalta, ɓarayi kuma a mota suke zuwa. Ya daɗe da ajiye aikin. Bai zo da marmari ba. Surukarsa ce ta tsaya masa a ka, da goyo a baya, har ya ɗauki sanda.

Mai gidan hayan ya tare shi a ƙofa.

"Baba Mai-sawu, ba akuya aka sace ba. Wuta ba ta da ƙafa."

"Wanda ya sa ƙusar yana da ita."

"Ɗanka ne ya sa. In rana ta yi sanyi zan kira 'yan sanda su tafi da shi. Kai ma ka sani, uba ba ya bin sawun ɗansa."

"In sawun ya kai ni kansa, ni zan riƙe musu hannunsa su sa ankwa. Ba ni ƙusar."

Aka ba shi. Tsohuwar ƙusa ce mai tsatsa. An zaro ta daga wani katako, ta lanƙwashe, an miƙar da ita da dutse. Ya juya ta a tafin hannu, ya jefa aljihu.

*

Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga mai ƙarafa. Ɗan yana zaune kan buhun siminti, leɓensa a kumbure. Mutum ne mai iyali, furfura ta fara leƙo masa. Tun ranar da ya ce shi ba zai ci abinci da kallon ƙasa ba, maganarsa da ubansa ba ta wuce gaisuwa.

"Kai ka sa?"

"A'a, Baba."

"Da kai ne fa?"

"Da ni ne, waya zan sa. Jakata cike take da jar waya. Mai wannan aiki ba ya wahalar da kansa da ƙusa."

Tsohon bai ce ya yarda ba. Ya jingina da bango don ya huta wa gwiwa.

"Faɗa mini yadda wutar nan take tafiya. A taƙaice."

Ɗan ya dube shi. Uban bai taɓa tambayarsa aikinsa ba.

"Ka ɗauka shanu ne a burtali. Akwai mai kora a baya. Ƙarfin korarsa shi muke kira folt, namu ɗari biyu da ashirin ne. Yawan shanun da ke wucewa shi ne amfiya. Shi kuwa burtalin, tsawonsa da ƙuncinsa, shi ke hana su kwarara. Wannan turjiya ke nan."

"Fis fa?"

"Mai gadi ne. In shanu sun fi ƙarfin hanya, sai ya rufe ta kafin su tattake shinge. Na sa wanda ke ɗaukar amfiya goma. Dutsen gugar tela yana jan biyar. Firjin mai ƙanƙara biyu. Keke da ƙwayayen fitila, ɗaya. Takwas. Ko duka suka kunna a tare fis ba zai tsinke ba, balle wani ya gaji ya sa ƙusa."

"To?"

"Akwai bakin da ke ci a kwanon nan, Baba, wanda ban san da shi ba."

Tsohon ya ɗauki sandarsa.

"An ba ka ruwa?"

"A'a."

Tsohon ya wuce. Amma da ya ga matar mai gidan tana shanya, ya tsaya ya dube ta har ta ajiye zanen ta ɗauki kofi.

*

Mai ƙanƙara tana kwashe narkakkiyar ƙanƙara daga firji, tana zubarwa a kwata. Bazawara ce, bakinta ya fi hannunta sauri.

"Ni dai, Baba, na rasa gane duniya. Kwanakin baya wuta sai ta ɗauke a ɓangarenmu kaɗai. Da fari jefi-jefi, daga baya kullum. Na kira ɗanka har ya gaji da ni. Ya zo ya canza fis, ya duba, ya ce bai ga komai ba. Sai kawai ta daina ɗaukewa. Na ce Allah ya karɓi addu'ar marayu."

"Wa ya gyara?"

"Na ɗauka tela ne ya sa aka yi. Tela ya ɗauka ni ce." Ta rage murya. "In kana neman mai cin wuta, ka leƙa wajen mai walda. Injinsa in ya yi nishi, har haƙorina nake ji."

Mai walda yana da rumfa a jikin katangar gida ta waje. Ƙato ne, idonsa ja kamar gauta saboda tartsatsi. Ya ga tsohon yana zagaya rumfar da kai a sunkuye, ya yi dariya.

"Baba, in allura ka yar, faɗa mini launinta."

"Da me kake aiki?"

"Ga shi nan." Ya shuri janareta da ƙafa. "Wutar gidan nan ko sauro ba za ta liƙa wa fiffike ba. In na jona injina a layinsu, ba sai an jira kwanaki ba, kafin in cire tabarau gidan ya tashi."

Tsohon ya duƙa. Ƙasan janaretan baƙi ne da mai, sabo kan tsoho, tsoho kan wanda ya fi shi. Ƙafafun injin sun ci ƙasa sun yi rami. Abin da ake kunnawa kullum ne, ba na nuna wa baƙi ba. Ya bi katangar da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu huda, babu waya, yanar gizo-gizo ma ba a taɓa ta ba.

"Ba kai ba ne."

"Ka faɗa wa waccan mai bakin. Tun jiya take hararata kamar ni na kashe mata miji."

Tela yana kwance a ɗakin ƙanwarsa, hannuwa biyu a naɗe kamar dambe zai shiga. Bai yi fushi ba. Ya gaji da yawa.

"Kayan mutane ne ke damuna, Baba. Hannu zai warke."

"Kafin wutar, ka ga wani abu?"

"Na ji dai. Wari kamar ana ƙona leda, daga saman bangon baya. Na ɗauka shara ake ƙonawa a waje."

"Me ke bayan bangon?"

"Ɗakin 'yan tsakin Yaya. Amma can ba wuta. Ɗanka bai kai layi can ba."

*

Yaya shi ne wan mai gidan. Kowa haka yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Sa'an mai bin sawu ne, tare suka yi ƙuruciya. Da ƙarfinsa direban babbar mota ne, har hatsari ya bar shi yana jan ƙafar hagu. Ƙanensa ya ba shi ɗaki a gidan, da wani ɗan ɗaki a baya inda yake kiwon 'yan tsaki don kada ya zauna haka.

Yana zaune a inuwa, 'yan tsakin a manyan kwanduna a gabansa, suna ciu-ciu.

"Kai ma sun taso ka, tsohon banza?"

"Sun taso ni, gurgu. Kajin sun tsira?"

"Da ƙyar. Hayaƙi ya kashe mini kaɗan."

"Da me kake ɗumama su?"

"Fitilar ƙwai. Ga ta can a rataye. Shiga ka gani, in gwiwar za ta bari."

Ya shiga. Bangon bulo ya tare wutar, hayaƙi ne kawai ya baƙanta rufin. Fitila tana rataye da igiya a tsakiyar ɗakin, kusa da ƙasa. An shimfiɗa dusar katako ko'ina, ba a kuma share ba tun jiya.

Ya daɗe a tsaye.

Ɗan tsako ba ya ƙarya. In yana jin sanyi, sai ya matsa jikin ɗumi, su taru su hau kan juna. Da fitilar nan ce ke ɗumama su, da ƙarƙashinta ya fi ko'ina kashi da tattaki. Amma tsakiyar ɗakin fes take. Dusar wurin ta bushe ta yi ja kamar an gasa ta. Kashin da sawun 'yan ƙafafun duk suna jikin bango, sun zagaye ɗakin kamar zobe. Tsuntsayen nan ba neman zafi suke yi ba. Gudunsa suke yi. A tsakiyar wurin kuma akwai shatar wani abu mai faɗin faranti da ya daɗe a ajiye.

Ya taɓa gilashin fitilar. Ƙura ce a kai, lagwanin fari.

A bayan ƙofa akwai akwatin katako da aka kawo 'yan tsakin a ciki. Kusurwa ɗaya ta saki. Ya zaro ƙusar daga aljihu, ya gwada ta da 'yan'uwanta da ke jikin akwatin. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya tona dusar gindin bango da sanda. Wasu guntayen waya suka fito, naɗaɗɗu kamar tsutsa, baƙi ƙirin. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, gwiwarsa tana ƙara.

Bai ji daɗi ba. Ya so a ce mai walda ne.

*

Ruwan da aka kashe gobara da shi ya mai da tsakar gida taɓo, ƙafafun jama'a sun cakuɗa shi. Wannan ba ya karantuwa. Amma bayan kowa ya watse taɓon ya fara daskarewa, duk wanda ya taka daga baya ya bar sa hannunsa a sama. Akwai sawu ɗaya daga ɗakin 'yan tsaki zuwa bayan banɗaki. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta share. A tafiya mutumin bai dogara sanda ba, hannuwansa biyu suna riƙe da kaya. A dawowa ya dafa bango, ga shatar yatsunsa da toka.

A bayan banɗakin akwai tsohon duro cike da tarkace. Tsohon ya ɗaga buhun da ke sama. Ga risho na lantarki, irin na yumɓu mai naɗaɗɗiyar waya kwance a cikin kwari. An naɗe shi da doguwar waya, bakinta ɗaya a ƙone, da ragowar leda a manne.

Ya zauna a bakin duron ya huta. Ya tuna ranar da shi da Yaya suka bi sawun jakin da ya ɓata suna yara, aka doke su tare don sun yi dare. Sannan ya ɗauki rishon.

*

Ya sa aka tara su a rumfar mai walda: mai gida, Yaya, mai ƙanƙara, da tela da ƙanwarsa ta riƙo. Jama'ar layi suka cika bakin titi, mai walda ya ja ƙyauren langa-langa ya raba su da su. Aka fito da mai gyaran wuta, aka ba shi jakarsa.

Tsohon ya ajiye rishon a ƙasa.

"Na waye?"

Sai Yaya ya gyara zama.

"Nawa ne. To, sai me? Na ja 'yar waya ta saman bango. Ni na goya yaron nan," ya nuna mai gidan da haɓa, "sai in je in durƙusa in roƙe shi wuta? Amma wannan ɗan abin ba ya ƙona gida. Ga rubutu nan a jikinsa. Daidai yake da dutsen guga. A tambayi ɗanka."

Mai gyaran wuta ya goge ɗan farantin ƙarfen da ke gindin rishon.

"Gaskiya ne. An rubuta wat dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Wat shi ne cin da abu ke yi, folt sau amfiya. In ka raba wannan da ɗari biyu da ashirin, amfiya biyar ke nan. Kamar dutsen guga."

"Kun ji ko," in ji Yaya.

"Ba rubutu na tambaya ba," in ji tsohon. "Kunna shi."

Mai walda ya ja janareta. Ɗan ya jona rishon, ya ɗora mitarsa. Wayar ba ta tsaya a ja ba. Nan take ta wuce zuwa ruwan ɗorawa, tana neman fari. Mai ƙanƙara ta ja da baya tana kare fuska da mayafi.

"Folt ɗari biyu da ashirin," in ji ɗan. Ya matsar da mitar. Ya sake dubawa. "Amfiya goma."

"Kashe, kafin ka ƙona mini rumfa," in ji mai walda.

Aka kashe.

"Lissafa," in ji tsohon.

"Ɗari biyu da ashirin sau goma, wat dubu biyu da ɗari biyu. Ninki biyu na abin da aka rubuta. Shi kaɗai ya cika fis. Ga takwas ɗin sauran a kai, sha takwas a layin goma." Ya tsuguna yana duban wayar. "Turjiya kuwa, folt ake rabawa da amfiya. Da sabo ne, ɗari biyu da ashirin a raba da biyar, arba'in da huɗu. Yanzu a raba da goma, ashirin da biyu. Rabin burtalin ya tafi, Baba. Ban san inda ya je ba."

Tsohon ya sa hannu a aljihu, ya zube baƙaƙen guntayen a gaban Yaya.

Yaya ya dube su. Muryarsa ta sauka.

"Tsinkewa take yi. In ta tsinke sai in yanke wurin da ya ƙone, in ja sauran in ɗaure. Ragewa na yi. Ban ƙara komai ba. Yaya za a yi abin da aka rage ya fi ci?"

"Yaya," in ji ɗan a hankali, "tsawon wayar shi ke riƙe wutar. Duk yankan da ka yi, hanya ka gajarta mata. Tana ƙara zafi, tana ƙara tsinkewa, kana ƙara yankewa."

"Na ga tana ƙara ja. Na ce ta gyaru."

"Kajin sun faɗa maka," in ji tsohon. "Duk sun gudu jikin bango."

"Na ɗauka ƙishi ne. Na ƙara musu ruwa."

"Ƙusar fa?"

Yaya bai ɗaga kai ba.

"In wuta ta ɗauke, sanyi ke kashe su. A mota in fis ya dame mu, haka muke yi har mu kai gari."

"Gida ba ya kai gari, Yaya," in ji tela. Ya dubi hannuwansa.

Ba wanda ya zagi kowa. Mai ƙanƙara ta dubi kumburarren leɓen mai gyaran wuta, ta kau da kai.

*

Mai gidan ya ja tsohon zuwa bayan janareta. Gumi yake yi.

"Baba Mai-sawu, ka ji tausayi. Wana ne. Shi ya raine ni. Kai ma abokinka ne, kun ci ƙasa tare. Zan ɗauki nauyin tela, keke da kaya da magani. Ba zan kira 'yan sanda ba. Ɗanka ya tafi gida yanzu, in ba shi aikin sake wayarin gidan gaba ɗaya."

"Madalla."

"Abu ɗaya ne. Mutanen da ke waje kai suke jira, maganarka suke yarda da ita. Ka ce musu ka duba, ba ka ga sawun kowa ba. Tsautsayi ne. A bar shi haka."

Tsohon ya san yadda za a bar shi. Ba za a ce Yaya ba, ba za a ce kowa ba. Amma kowa ya ga ƙusar, kowa ya ga wanda aka kulle. Gobe in mace ta ce a kira mai gyaran wuta, mijinta zai ce wanne, wancan mai ƙusa? Ba ankwa, ba kotu, sai dai jaka a rataye a bango tana tara ƙura, kamar yadda sandarsa ta tara.

Ya leƙa. Yaya yana zaune inda aka bar shi, ya tattara guntayen wayar a tafin hannu yana jera su, kamar zai mai da su. Ɗan kuwa yana naɗe igiyar mitarsa a hankali, yatsa bisa yatsa. Haka tsohon ma yake naɗe igiya in ya gama aiki. Bai taɓa koya masa ba.

Gwiwarsa tana zafi. Yana son ya koma gida ya kwanta.

"Kalma uku ce, Baba," in ji mai gidan. "Ka ce ba ka gani ba."

Tsohon ya dogara sandarsa, ya nufi ƙyauren.

"Ba zan ce ban gani ba."